RIƘON TSOHON BABUR NA DOGUWAR TAFIYA

A ƙasashen Turai, da zarar lokacin sanyi ya wuce, ƙanƙara ta narke daga kan hanyoyi, matafiyi yakan gamu da waɗansu babura waɗanda suka ba shekara 40 baya, akwatunan kaya rataye a gefensu, mai shi da matarsa a bisa, sun tasam ma tafiyar kilomita 500 ko fiye cikin yini guda. Wanda bai sani ba sai ya ce, ai ƙarfen da ne, ba ya lalacewa. Rabin maganar nan gaskiya ne. Ƙarfen ya yi kyau, babu shakka, amma 'yan'uwan waɗannan babura dubbai, waɗanda aka ƙera a ma'aikata ɗaya da ƙarfe iri ɗaya, tuni suka zama juji. Abin da ya raba su shi ne riƙo. Masu karatunmu, tun da yake yawancinsu akawuna ne da malaman makaranta, sun fi kowa sanin darajar littafi da rubuta abu a kan lokacinsa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bayyana musu yadda ake riƙon irin waɗannan babura, gama za su tarar aikin yana kama da nasu fiye da yadda suke zato.

Wane Irin Babur Ne?

Manyan babura ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tsere, wanda mahayi ke kwanciya bisa tankinsa kamar mai sukuwa. Yana da gudu ƙwarai, amma kafin awa biyu baya da wuyan hannu sun gaji. Akwai kuma na yawon shaƙatawa, mai faɗin sirdi da nauyi, wanda ba ya son kwana mai tsanani. A tsakaninsu akwai iri na uku, wanda ya ɗebo gudu da sauƙin juyawa daga na fari, ya ɗebo jin daɗin zama da ɗaukar kaya daga na biyu. Shi ne abin zancenmu yau. Za mu ɗauki guda ɗaya mu yi misali da shi, watau R100RS na kamfanin BMW na ƙasar Jamus, gama mutane da yawa suna ɗaukarsa uban wannan iri.

An fito da shi cikin shekarar 1976 daga ma'aikatar kamfanin da ke birnin Balin. Wani gwanin zane, Hans Muth, shi ya tsara garkuwar iska wadda ta rufe gabansa tun daga fitila har ƙafafun mahayi, aka gwada ta a ƙasar Italiya, cikin wani dogon ɗaki na kamfanin Pininfarina inda ake hura iska mai ƙarfi don a ga yadda take bugun abin hawa. Shi ne babur na fari da aka ƙera da yawa don sayarwa da cikakkiyar garkuwa wadda aka gwada ta wannan hanya. Amfaninta kuwa, iska da ruwan sama ba su dukan ƙirjin mahayi, gaban babur kuma ba ya yin sakayau idan gudu ya yi yawa.

Injinsa silinda biyu ne a kwance, ɗaya ta leƙo dama, ɗaya hagu, iska ce ke sanyaya su, babu ruwa babu lagireto. Girman injin ya kusa lita guda, watau cc 980, ƙarfinsa na doki 70 ne, yana kaiwa kilomita 200 a awa, watau mil 125, tankinsa kuma yana cin lita 24. Ba shi da sarƙa. Farfela ce ke kai ƙarfin inji ga ƙafar baya kamar yadda yake a mota. Wannan tsari ba sabo ba ne wurin kamfanin, da shi suka fara tun baburinsu na fari, R32, cikin 1923.

A 1981 aka yi masa sauye-sauye masu yawa: aka cire kwantak aka sa wutar fulogi ta zamani, aka rage nauyin kuloci, aka sa birkin kamfanin Brembo. A 1984 aka daina ƙera shi, domin sabon babur mai silinda huɗu, K100, ya fito a 1983. Amma masu saye suka yi ta ƙorafi har aka dawo da shi a 1986, da ƙarfin doki 60 da shakazoba guda a baya maimakon biyu, aka ci gaba har 1992. Ke nan yau ƙaraminsu ya haura shekara 30, babban kuwa ya kai wajen 50. Mai neman kayan gyara lalle ne ya san shekarar da aka ƙera nasa, gama abin da ya shiga na 1978 ba lalle ne ya shiga na 1982 ba.

Littafin Babur

Kafin sifana, kafin sukudireba, abu na fari da mai tsohon babur zai mallaka shi ne littafi mai bango, irin na kwabo da kwabo, wanda zai zauna tare da babur har ranar da za a sayar da shi. A raba kowane shafi gida huɗu: kwanan wata, lissafin kilomita da agogon babur ya nuna, aikin da aka yi, sa'an nan abin da aka tarar. Gidan ƙarshen nan shi ne mafi amfani, shi ne kuma wanda aka fi mantawa da shi. Rubuta cewa an juye mai bai isa ba. A rubuta launin man da ya fito, da ko an ga garin ƙarfe a jikin notin da ke toshe shi. Rubuta cewa an daidaita bawul bai isa ba. A rubuta awon da aka tarar kafin a taɓa kome.

Dalili kuwa shi ne, inji ba ya mutuwa farat ɗaya sai nadiran. Yakan yi wata da watanni yana ba da labarin ciwonsa, amma labarin yana zuwa kaɗan kaɗan, har ido da kunne su saba da shi, su ɗauka haka abin yake tun asali. Akawun da ya taɓa bin diddigin kuɗin da ke zurarewa daga baitulmali ya san cewa a shafi ɗaya ba a ganin ɓarna. Sai an jera na wata shida an gwama. Haka lissafin inji yake, kamar yadda za mu gani yanzu a kan zancen bawul.

Bawul Da Dalma

Kowace silinda tana da bawul biyu, ɗaya na shigar da fetur da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar tazara, wadda ake aunawa da waɗansu siraran ƙarafa masu lamba, bayan inji ya kwana ya huce sarai. A wannan babur tazarar bawul na hayaƙi milimita 0.20 ce, ta na shigarwa kuwa 0.10 ko 0.15, gwargwadon abin da littafin kamfani na shekarar ya faɗa. Aikin ba shi da wuya, gama kawunan injin suna waje; mutum yana zaune bisa kujera 'yar tsuguno zai buɗe murfi ya gama cikin awa guda.

A zamanin da aka tsara injin, ana zuba dalma cikin fetur, ita kuwa takan kwanta a mazaunin bawul ta zama kamar matashi, ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Daga baya aka tabbatar dalma guba ce ga mutane, musamman yara, sai ƙasashe suka bi juna suna hana ta. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana a shekarar 2000, ƙasar Aljeriya kuwa, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina sayar da irin wannan fetur a 2021. Wannan alheri ne ga lafiyar jama'a, amma ya bar tsofaffin injuna da matsala. Waɗanda aka ƙera kafin 1981 mazaunin bawulinsu yana son dalma. Na 1981 zuwa 1984 an canza musu ƙarfen mazaunin, amma sabon bai iya kwashe zafi da kyau ba, sai fuskar bawul ɗin kanta ta riƙa lanƙwashewa. Sai daga 1985 aka sami wanda ya dace.

Idan wannan ciwo ya kama, bawul yakan riƙa nutsewa cikin mazauninsa, tazarar nan tana raguwa. In ta ƙare, bawul ba ya rufewa sosai, wuta ta riƙa lasar gefensa har ya ƙone, wani lokaci ma kansa ya guntule ya faɗa wa fistan ana cikin gudu. To, ga inda littafi ke ceton mai shi. A ce ka daidaita na hayaƙi a 0.20 sa'ad da agogo ke nuna kilomita 60,000. Da ya kai 65,000 ka auna ka tarar 0.18, wannan ba kome ba ne, ka mayar ka ci gaba da tafiya. Amma in ka tarar 0.10, ka mayar, a 70,000 ka sake tarar da 0.10, to, injin ya gaya maka magana sarai: a cire kawunan a kai wa gwanin da zai sa sabon mazauni da sabbin bawul. Wanda ba ya rubutawa zai yi ta mayar da tazarar kowane lokaci yana murna ya yi gyara, alhali kuwa shaida yake sharewa da hannunsa.

Mai Wuri Huɗu

Wanda ya saba da ƙaramin babur ya san mai wuri ɗaya ne. Wannan kuwa wuri huɗu ne: inji, da giyabos, da hannun da farfela ke ciki, da akwatin haƙoran ƙafar baya. Inji yana shan baƙin mai mai kauri, irin 20W50, sauran ukun kuwa man giya. Masu riƙo da kyau suna juye na inji a kowane kilomita 5,000 zuwa 7,500, ko sau ɗaya a shekara ko da babur bai yi tafiya ba, gama mai yana lalacewa da zama.

Man giyabos yana da abokin gaba wanda ba a zato, watau ruwa. Wayar agogon gudu tana shiga giyabos ta sama, wata 'yar hular roba ce ke rufe bakin. Idan hular ta tsufa ta tsage, ruwan sama da na wanki sai su bi waya su gangara ciki, mai ya koma launin koko, boris su yi tsatsa. Hular ba ta da tsada ko kaɗan, gyaran giyabos kuwa aikin gwani ne mai cin kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Har wa yau akwai wani zoben roba fari, faɗinsa kamar santimita 5, wanda ke zaune a bakin matatar man inji. Idan aka sa shi bai matsu daidai ba, ko ya tsage wajen ɗaurawa, mai sai ya zurare ya koma ƙasa maimakon ya bi ta cikin boris na karanshaf, inji ya ƙone cikin 'yan mintoci. Masu irin wannan babur a Amurka suna kiransa zoben dala 2,000, saboda abin da kuskurensa ke jawowa. Duk sa'ad da aka canza matata a sa sabon zobe, a auna zurfin mazauninsa, bayan an tayar da inji kuma a tabbata fitilar mai ta mutu nan da nan. In ba ta mutu ba, a kashe inji, kada a ce bari a ga abin da zai faru.

Akwai wurare biyu kuma da ke son giris, waɗanda ido ba ya gani. Na fari haƙoran sandar da ta fito daga giyabos ta shiga kuloci. Sai an ja giyabos baya ake kai musu. Na biyu haƙoran da ke juya ƙafar baya, a baburan da ke da shakazoba biyu. Su kam duk lokacin da aka cire ƙafa don canza taya sai a wanke su a shafa. Idan suka bushe sukan cinye kamar haƙoran tsohon zarto, wata rana inji ya yi ta kuka babur bai motsa ba. Haka nan manyan notin da ke riƙe bututun salansa a kan inji: zarensu na alminiyam ne, a kwance su sau ɗaya a shekara a shafa man hana kamewa. In an tarar noti ya kafe, gara a yanka shi da zarto a sayi wani, da a tilasta masa ya tafi da zaren kan inji.

Wuta Da Fetur

Abin da ya fi tsayar da waɗannan babura a bakin hanya shi ne wutar lantarki. Na'urar da ke cika batir tana gaban inji, ƙarƙashin murfi, ƙarfinta bai kai wat 300 ba, kuma ba ta cika batir sosai sai inji ya ɗau gudu. Mai yawo cikin gari kawai da fitila a kunne zai wayi gari batir ya sauka. Kafin a buɗe murfin gaban nan, lalle a cire wayar batir ta ƙasa, domin murfin yana iya taɓa allon da ke daidaita wuta ya ƙone shi nan take. Ga kuma wani abin mamaki: 'yar jar fitilar da ke nuna caji, ta cikinta wutar da ke tayar da na'urar ke bi. Idan ka murɗa makulli ba ta kama ba, kada ka ce ƙwai ne kawai ya mutu. Mai yiwuwa batir ba zai sami caji ba, ko kuwa wayar da ke naɗe cikin na'urar ta tsinke.

Kafireta biyu ne, na kamfanin Bing, kowanne da silindarsa. A cikin kowanne akwai wata fatar roba siririya wadda ke ɗaga makogwaronsa. In ta huje, babur yakan yi lafiya a hankali, amma ya ƙi gudu. A cire ta a ɗaga wa rana, ko hujin allura ne za a gani. Biyun kuma dole su ja daidai da juna, in ba haka ba inji ya riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi. Idan babur zai yi watanni a ajiye, a rufe famfon tanki a zubar da fetur ɗin da ke cikin kafireta, gama tsohon fetur yakan zama danƙo ya toshe ƙananan ramuka.

Wanda ya mallaki irin wannan babur a ƙasarmu yana da ƙarin abu biyu da zai lura da su. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska tun kafin lokacin da littafin kamfani ya ƙayyade, saboda haka a riƙa dubawa a kai a kai. Sa'an nan injin da iska ke sanyayawa bai kamata a bar shi yana aiki a tsaye cikin zafin bazara ba. In cunkoso ya tsananta, a kashe shi.

Abin Da Rai Ke Rataye A Kai

Duk abin da muka ambata a sama asararsa ta kuɗi ce. Taya da birki kuwa asararsu ta rai ce. Tsohon babur sau da yawa yakan zo da tayoyi masu zane ɓul, mai sayarwa yana cewa ko kilomita 1,000 ba su yi ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, ta taurare ta daina kama ƙasa, musamman in an yi ruwa. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. In lambar uku ce kawai, an yi ta kafin shekarar 2000, wurinta juji.

Man birki yana shan laima daga iska. Idan ya sha da yawa, sa'ad da birki ya yi zafi a gangaren dutse sai ruwan ya tafasa, mahayi ya matse hannu ya ji wayam. A canza shi kowace shekara, ko aƙalla bayan shekara biyu. A baburan da aka ƙera kafin 1981 famfon birkin gaba yana ɓoye ƙarƙashin tanki, waya ce ke jansa. Yana iya yoyo shekara guda yana cin fenti da ƙarfe ba wanda ya gani, sai an ɗaga tanki. Ƙafafun gaba na zubi kuma, na shekarun fari, kamfanin da kansa ya yi kira a mayar da su ya musanya da masu ƙarin ƙarfi, saboda haka mai saye ya bincika ko an musanya tasa.

Na Japan Ma Da Nasu

Kada mai karatu ya zaci na Jamus kaɗai ke da lalura. Kamfanonin Japan sun shigo wannan fage da babura masu silinda huɗu da ruwan sanyaya inji, kowanne kuwa da inda yake ciwo. Honda VFR750F, wanda ya fito a 1986, injinsa ya shahara da juriya, amma akwatin da ke daidaita wutar caji yakan yi zafi ya ƙone, har ya narkar da mahaɗin wayoyi. Kawasaki GTR1000, wanda aka ƙera daga 1986 har 2006, idan famfon tankinsa da kafireta suka yi yoyo tare, fetur yakan cika silinda cikin dare. Da safe mai shi ya danna sitata, fistan ya bugi ruwan da ba ya matsuwa, sandarsa ta lanƙwashe. Honda ST1100, na 1990 zuwa 2002, na farkonsa suna da ƙaramar na'urar caji, sai a 1996 aka sa babba, a Ingila kuma gishirin da ake watsawa a hanya lokacin ƙanƙara yana cin hannun ƙafar bayansa daga ciki. Abin lura a nan shi ne, bayan shekaru masu yawa babu wani ciwo na waɗannan babura da ya rage a ɓoye. Duk an san su, an san maganinsu. Wanda ya tsaya a hanya saboda ɗayansu, yawanci tambaya ce bai yi ba.

Sauyi Mai Amfani Da Na Banza

Yanzu sai zancen sauye-sauye, inda masu babura suka rabu biyu. Waɗansu sun ce kada a taɓa kome, a bar shi yadda ya fito daga ma'aikata. Waɗansu kuwa sun ce abin hawa ne, ba kayan ado ba. A ganinmu ma'auni guda ne: sauyin da ya toshe wani rauni da aka sani, shi ne mai kyau. Mayar da tiyon birki na roba zuwa mai saƙar ƙarfe, da dawo da famfon birki kan hannu inda ido ke ganinsa, da sabbin shakazoba maimakon waɗanda suka mutu tun shekara 20, da na'urar caji mai ƙarfi, da wutar fulogi ta zamani a madadin kwantak, da mazaunin bawul wanda ba ya bukatar dalma, duk waɗannan suna ƙara wa babur kwana, suna kuma kare mahayi.

Amma ƙara wa inji ƙarfi alhali birki da shakazoba suna yadda suke, wannan ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Huda salansa don ƙara, ko cire akwatin matatar iska, yakan ɓata ma'aunin fetur da iska, inji ya riƙa zafi fiye da kima, ya hanzarta ciwon bawul ɗin nan da muka faɗa. A 'yan shekarun nan kuma wani yayi ya shigo, na cire garkuwar iska a yar, a yanke bayan firam da zarto, a sa sirdi ɗan ƙarami don babur ya yi kama da na tsere. Kowa da ikonsa a kan kayansa, amma wanda ya yi haka ya ɗauki babur mai kai mutum biyu da kayansu wata ƙasa ya mayar da shi na zagayen unguwa, kuma abin da zarto ya yanke ba ya komawa. Garin neman gira an rasa ido.

Hukumomin Turai ma a nan suka tsaya. A Jamus ana kai babur wurin masu binciken lafiyar abin hawa kowace shekara biyu, babban sauyi kuma sai sun amince an shigar da shi cikin takardu. Tun 1997 suna ba abin hawan da ya kai shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H, bisa sharaɗin yana nan kusan yadda aka ƙera shi, ko sauyin da aka yi masa irin na zamaninsa ne. A Ingila, tun 2018, wanda ya kai shekara 40 an ɗauke masa gwajin shekara shekara, sai fa in an yi masa babban sauyi. Saboda haka masu hankali sukan bi ƙa'ida biyu. Duk abin da aka cire a wanke shi a ajiye cikin kwali da suna a jiki, don a iya mayarwa. Sa'an nan a yi sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta, a yi tafiya a gani, kana a taɓa na biyu. Wanda ya canza abu biyar rana ɗaya, in babur ya ƙi tashi, bai san wanda zai tuhuma ba.

Shawara Ga Mai Saye

Daga ƙarshe, ga wanda ransa ya biya ya sayi irin wannan babur. Kada ƙyallin fenti ya ɗauke maka hankali, kada kuma ƙarancin kilomita a agogo ya ruɗe ka, gama babur ɗin da ya yi shekara 15 a jingine cikin ɗaki robobinsa duk sun bushe, tankinsa ya yi tsatsa, ya fi wanda ake hawa kullum bukatar kuɗi. Ka je da safe ka taɓa inji ka ji da sanyi, a tayar da shi a gabanka. Ka leƙa ƙarƙashin giyabos ko mai yana taruwa, ka karanta lambar taya, ka buɗe tanki ka haska. Amma kafin duk wannan, ka tambayi mai shi littafin babur da rasitan gyara. In ya miƙo maka littafi mai dauɗar mai, da kwanan wata da awon bawul jere shekara da shekaru, ka saya ko da ya ɗan fi tsada. In ya ce ai babur ɗin bai taɓa neman kome ba, ka yi masa godiya ka kama hanya. Araha ba ta ado.

In kuwa ka saya, ka buɗe sabon shafi ran nan da sunanka da kwanan wata, ka juye mai duka huɗu, ka auna bawul, ka rubuta abin da ka tarar. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda aka rufe bakin tulunta da kyau. Allah ya kiyashe mu da haɗarin hanya, amin.